Tulu a Kan Gammo: Waiwaye Kan Gocewar Kafaɗa

Ina ɗan shekara 19 kafaɗata ta dama ta fara gocewa. Da yammacin wata Alhamis ne, a filin ƙwallon da ke bayan firamaren unguwarmu, ina tsaron gida. Na yi tsalle na ɗaga hannu zan ture ƙwallo, sai wani ɗan wasan gaba ya taho a guje ya banke hannun ya yi baya. Ji na yi kamar an zare hannun daga jikina an rataya mini na wani. Da na duba, kafaɗar da na sani a mulmule ta yi kusurwa kamar an sare ta, ga wani tudu ya taso ta gaba kusa da hammata. Na tallafe hannun da ɗan'uwansa. Na kasa ɗaga shi, na kuma kasa matso da shi jikina.

Babu wanda ya yi zancen asibiti. Abokai suka riƙe ni har gida, mahaifina ya dube ni sau ɗaya ya ce a tafi wajen mai ɗori. Dattijo ne da ya gaji sana'ar wajen mahaifinsa, kuma da wuya a sami gida a unguwar da hannunsa bai taɓa ba. Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce in kwanta. Ya yi bisimilla, ya tofa addu'a, ya sa diddigensa a hammatata, ya kama wuyan hannuna da hannu biyu ya riƙa ja a hankali. Zafin da na sha ba ya faɗuwa. Can sai na ji ƙwas, nan take azabar ta sauka kamar an yi ruwa an ɗauke.

"Alhamdu lillahi, ta koma," in ji shi. Ya shafa man shanu, ya naɗe hannun a jikina da tsumman zane. "Yaro, kada ka kuskura ka motsa hannun nan sai ya kwana arba'in."

Mahaifina ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Shi ke nan ko?"

"Shi ke nan, Alhaji. Ai ta koma."

Yau shekara 30 da 'yan kai ke nan, amma har yanzu ina jin maganar nan a kunnena. "Ta koma" ita ce iyakar saninmu a wancan zamani. Ƙashi ya fita, ƙashi ya koma, magani ya ƙare. Ban riƙe dattijon nan a zuciya ba, Allah ya ji ƙansa, domin ya yi iya abin da ya gada, kuma ya raba ni da azaba a daren da ba ni da wani mai taimako. Sai dai shekarun da suka biyo baya sun koya mini cewa ranar da kafaɗa ta koma, ranar ce ma aka fara jinya.

Da aka kwance tsumman, hannun ya rame kamar sillen kara, kafaɗar kuma ta sandare. Babu wanda ya ce mini akwai sauran aiki, ni ma ban tambaya ba. Bayan wata huɗu na koma fili, kuma shekara ba ta zagayo ba ta sake gocewa. Ta uku ina miƙa hannu zan sauko da jaka daga saman motar haya. Ta huɗu ina barci, na ɗora hannu a ƙeya, na farka da ihu. Ta biyar ina saɓa babbar riga da safiyar Sallah. Cikin shekara 14 sau 9 ta fita, kuma kowane karo ya fi wanda ya gabace shi sauƙin fita. Mai ɗori ya ce kafaɗar ta san hanya. Wata gwaggona ta ce a nemi tsari, wai wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne.

Zaman jiran gocewar ya fi gocewar kanta cin rai. Na bar ƙwallo, na bar kwanciya ta ɓangaren dama. In na shiga cunkoson kasuwa sai in manne hannun a ƙirji kamar mai ɓoye kuɗi. Da na sami ɗana na fari, yakan taho da gudu ya ɗaga hannuwa yana so in cilla shi sama kamar yadda ya ga ana yi wa sa'o'insa, ni kuwa sai in durƙusa in rungume shi a ƙasa. Ga hannun a jikina, amma na daina yarda da shi.

Sai daga baya na fahimci yadda Allah ya tsara wannan gaɓa. Ƙashin cinya yana zaune a cikin ƙugu kamar taɓarya a turmi, shi ya sa sai babban hatsari ke fitar da shi. Kafaɗa kuwa tulu ce a kan gammo. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, yana jingine da wani ɗan faranti marar zurfi a gefen allon kafaɗa, wanda bai rufe ko rabin kan ƙashin ba. A bakin farantin akwai zoben guringuntsi da ke ƙara masa zurfi, shi ne gammon. Sai wata jaka mai ƙarfi da igiyoyi da suka lulluɓe gaɓar. A kansu kuma akwai tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin ta gaba da ta sama da ta baya, suna danne shi a tsakiyar farantin duk inda hannu ya nufa. Shi kansa allon kafaɗa yawo yake yi a kan haƙarƙari, tsokoki ne ke riƙe da shi.

Wannan saki shi ya ba mu damar tsinko mangwaro, da daka, da jifa, da sosa gadon baya. Shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa a jiki yawan gocewa, kuma sama da kashi 90 cikin 100 ta gaba take fita, galibi in hannu yana sama aka tura shi baya, daidai yadda ya faru da ni. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta ɗauko tulu daga rafi ba ta riƙe shi ba, ya san ba gammo kaɗai ke aikin ba. Wuyanta da bayanta ne ke gyara zaman tulun a kowane taku, ba tare da ta yi tunani ba. Haka tsokokin kafaɗa suke. Ni kuwa gammona ya yage tun faɗuwar farko, sannan aka ɗaure masu riƙon tulun kwana arba'in har suka yi laushi suka manta aikinsu.

Da na bi tarihin ciwon, na yi mamakin yadda zauren unguwarmu ya yi kama da Girka ta shekaru kusan 2400 da suka wuce. Hifokratis, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, ya bayyana wannan dabara ta sa diddige a hammata a ja hannu. Ga wanda kafaɗarsa ke yawan fita kuwa, ya ba da shawarar a yi masa lalas da jan ƙarfe a hammata, don tabon ya ƙanƙance ya ɗaure gaɓar. A 1870 wani likitan Suwizalan, Theodor Kocher, ya bayyana hanyar mayar da kafaɗa ta juya hannu maimakon fizga. A 1923 Bankart, likitan ƙashi a Landan, ya nuna cewa abin da ke sa kafaɗa ta riƙa maimaita fita shi ne ɓallewar zoben guringuntsin nan daga gaban farantin, ya kuma tsara tiyatar ɗinke shi. A 1940 Hill da Sachs, masu karanta hoton ƙashi a Amurka, suka bayyana lotsawar da kan ƙashin ke yi in ya gogi bakin farantin. A 1954 Latarjet na birnin Liyon a Faransa ya fito da tiyatar ciro ɗan guntun ƙashi daga allon kafaɗa a dasa shi a gaban farantin ya zama shinge.

Duk tsawon wannan tarihi, magani a hannun mai magani yake. Shi zai ja, shi zai ƙona, shi zai yanka ya ɗinke, majinyaci nasa kwanciya da haƙuri. Babban sauyin da na gani a rayuwata shi ne yadda wani kaso mai yawa na maganin ya dawo hannun mai ciwon.

Ina da shekara 33 wani abokin aikina ya matsa mini in je asibiti. Aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya duba ya ce alamu sun nuna zoben ya yage, kan ƙashin ma ya ɗan lotsa, amma bakin farantin bai cinye sosai ba. Ya ce akwai tiyata, sai dai tunda na bar wasa kuma aikina na zama ne, in fara zuwa sashen gashin ƙashi in ba shi wata shida.

Sunan ya ruɗe ni, kamar yadda yake ruɗin mutane da yawa har gobe. Na ɗauka za a kwantar da ni a kunna fitila mai zafi, a shafa mai a yi tausa, in tashi. Asalin sunan ke nan, domin a da zafi da tausa da na'urar lantarki su ne abin da jama'a suka fi gani a wannan sashe. Matashin likitan fisiyo, wato na gashin ƙashi, da na tarar bai ko kalli fitilar ba. Ya ce in cire riga in juya masa baya, in ɗaga hannuwa biyu a hankali in sauke. Ya sa na maimaita sau biyar yana kallo.

"Malam, allon kafaɗarka na dama ba ya tafiya tare da hannun. Ɗagowa yake yi kamar fiffike."

Sannan ya kwantar da ni, ya ɗaga hannun gefe, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya fara juya shi baya kamar mai shirin jifa. Kafin ya kai ko'ina na riƙe hannunsa da na hagu.

"Likita, tsaya! Za ta fita."

"Zafi ka ji, ko tsoro?"

Na yi shiru na ɗan lokaci kafin na ce, "Tsoro."

Ya sa tafin hannunsa ya danna gaban kafaɗar, ya sake juyawa, sai na ji tsoron ya kwanta. Ya ce, "Ka ga abin da hannuna ya yi yanzu? Shi za mu koya wa tsokokinka su riƙa yi da kansu."

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na rufe ido. Ya ɗaga hannuna na hagu ya tsayar a wani wuri, ya ce in kai na dama daidai da shi ba tare da na duba ba. Da na buɗe ido, tsakaninsu ya kai taƙi guda. Ya bayyana mini cewa a cikin jakar gaɓa da igiyoyinta da tsokoki akwai ƙananan jijiyoyi masu kai wa ƙwaƙwalwa rahoton inda hannu yake a kowane lokaci. In gaɓa ta goce, wannan rahoto yakan rikice, sai tsoka ta riƙa makara wajen kamawa. Kafin ta farga, tulu ya zame.

Aikin da ya ba ni a makonnin farko ya yi mini kama da wasan yara. In tsaya jikin bango, gwiwar hannu a lanƙwashe a manne da haƙarƙari, in tura bangon da bayan hannu in ƙirga goma, ba tare da komai ya motsa ba. In juya in tura da tafin hannu. In zauna in ja allon kafaɗa baya da ƙasa kaɗan, in riƙe, in saki. Bayan mako uku ya ba ni wata doguwar roba, ya ce in ɗaure ta a mariƙin ƙofa, in matse naɗaɗɗen tawul a hammata, in riƙa jan robar waje a hankali in mayar a hankali. Ya ce mayarwar ta fi jan muhimmanci. Da roba ta yi sauƙi sai a canza mai tauri.

A wata na biyu muka koma jingina nauyin jiki a kan hannu: in dafa bango in tura, daga baya in dafa tebur, daga baya in yi rarrafe a kan tabarma in ɗaga hannun hagu in bar na dama ya ɗauki nauyi. Ya ba ni ƙwallo in danne ta a bango in riƙa zana da'ira, ido buɗe, sannan ido rufe. Wani lokaci yakan sa in miƙe hannu, ya riƙa ture shi ta ko'ina ba sanarwa, ni kuma in hana shi motsi. Sai a wata na huɗu ya fara kai ni wurin da nake tsoro. Kaɗan-kaɗan, yau taƙi ɗaya, mako mai zuwa a ƙara, har na iya ɗaga hannu in juya shi baya in cafe ƙaramar ƙwallo in mayar masa.

Sau ɗaya a mako nake ganinsa, daga baya sau ɗaya a mako biyu. Sauran aikin a gida ne, bayan sallar asuba da bayan isha'i, minti 20 kowane zama. A wata na biyu na gaji, domin ban ga wani canji ba. Na ce masa, "Likita, anya robar nan za ta yi abin da ɗori tara bai yi ba?"

Ya ce, "Malam, shekara 14 kafaɗar nan tana koyon fita. Ka ba ta wata shida ta koyi zama."

Na ba ta. Tun daga lokacin kafaɗata ba ta sake gocewa ba. Zoben da ya yage bai ɗinke kansa ba, kuma na san iyakata: ba na fizgar kaya mai nauyi daga sama, ba na barci da hannu a ƙeya, kuma robar tana nan rataye a ƙofar ɗakina, ina ja sau biyu ko uku a mako. Ɗana na fari ya riga ya yi nauyi a lokacin, amma ƙanwarsa ta samu. Ranar da na ɗaga ta sama da hannu biyu tana dariya, sai da na yi hawaye.

Ba zan so mai karatu ya ɗauki labarina a matsayin alkawari ba, domin bincike ya nuna kafaɗu iri-iri ne. A 1992 wasu likitocin Amurka biyu, Burkhead da Rockwood, suka wallafa sakamakon jinyar masu wannan matsala da motsa jiki zalla. Cikin kafaɗun da suka fara zamewa sakamakon rauni, kashi 16 cikin 100 ne kawai suka yi kyau. Cikin waɗanda suke zamewa ba tare da wani rauni ba, kashi 80 cikin 100 suka yi kyau. Ke nan ni ina cikin 'yan tsirarun da suka dace, kuma shekaruna da irin aikina sun taimake ni.

A Suwidin kuma wani likita mai suna Hovelius da abokan aikinsa sun bi sawun kafaɗu sama da 250 da suka fara gocewa a 1978 da 1979, har tsawon shekara 25. Sun gano cewa ɗaure hannu na makonni bai rage yiwuwar sake fita ba. Sun gano cewa ƙarancin shekaru shi ne babban abin da ke jawo maimaici. Sun kuma ga cewa kusan rabin waɗanda abin ya same su tsakanin shekara 12 da 25, ko dai bai sake faruwa ba ko kuma kafaɗar ta zauna da kanta da tafiyar lokaci, yayin da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dukan majinyatan sai da aka yi musu tiyata. Da na karanta wannan, sai na tuna kwana arba'in ɗina a cikin tsumma. Yau rataya hannu na mako ɗaya zuwa uku ake yi don zafi ya lafa, sannan a fara motsi.

Masu kallon ƙwallo sun ga misali a fili. Jude Bellingham na Real Madrid ya goce kafaɗar hagu a watan Nuwamban 2023. Ya ci gaba da wasa da ɗamara a kafaɗa, yana ƙarƙashin kulawar ƙwararrun kulob ɗinsa, kusan kaka biyu. A watan Yulin 2025 sai da aka yi masa tiyata. Matashin da ya yage zoben kafaɗarsa kuma yake cikin wasan karo da faɗuwa, ko dambe ko kokawa, sau da yawa motsa jiki kaɗai ba ya isar sa. Jinkiri kuma yana da tsada, domin duk fita tana ƙara cin bakin farantin, har a kai inda ɗinki ba zai wadatar ba sai dashen ƙashi. Amma ko an yi tiyatar, watanni na gashin ƙashi ne ke mayar da hannu bakin aiki.

Ɗaya nau'in kuwa, wato kafaɗar da ke zamewa ba tare da rauni ba, a cikin gidanmu na gan shi. Shekaru kaɗan da suka wuce ƙanwata ta kawo mini 'yarta mai shekara 15. Yarinyar ba ta taɓa faɗuwa ba, amma in ta ɗauki bokitin ruwa sai ta ji kafaɗar ta zame ƙasa, hannun ya mutu na ɗan lokaci. Duka kafaɗun biyu haka suke. An kai ta ɗori sau biyu.

"Yaya, an ce ko iska ce," in ji uwar.

Na ce wa yarinyar ta lanƙwasa babban yatsanta. Ta kai shi har ya taɓa hannunta. Gwiwar hannunta ma tana wuce miƙewa ta koma baya. Ta ce, "Kawu, har fitar da ita ina iya yi da kaina in mayar. 'Yan ajinmu suna sa ni in nuna musu."

Na ce, "Daga yau kada ki ƙara nuna wa kowa."

Wasu mutane haka aka halicce su da sakakkun gaɓoɓi, jakar kafaɗarsu ta yi yalwa, sai ƙashin ya riƙa zamewa gaba da baya da ƙasa. Likitoci biyu a Amurka, Neer da Foster, su suka fito da wannan nau'i sarari a 1980. Babu abin da ya karye balle a ɗora, babu abin da ya yage balle a ɗinke, kuma ja da fizga ƙara sakin gaɓar suke yi. A nan motsa jiki shi ne magani na farko, kuma ba a maganar tiyata sai an yi aƙalla wata shida ana yi da gaske. Muka kai ta wajen wata likitar fisiyo, wadda ta fara da gyara mata zaman allon kafaɗa kafin komai. Bayan wata bakwai yarinyar tana ɗaukar bokitinta ba fargaba. Abin da ya ci mini shekara 14, ita a cikin shekara guda aka gane shi aka magance.

Wannan sauyi bai faɗo daga sama ba. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara aikin gashin ƙashi a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Najeriya, kuma a shekarar ce aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. A 1966 Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a fannin. Yau Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in Arewa suna yaye 'ya'yanmu maza da mata, waɗanda za su yi wa majinyaci bayani da harshen da ya tashi da shi. Sai dai yawancinsu a manyan birane suke. Manomin da ya faɗo daga amalanke, ko ɗan acaɓan da ya kife a hanyar ƙauye, har yanzu zauren mai ɗori ne mafi kusa da shi.

Akwai wani bincike da ya ƙarfafa mini gwiwa a kan wannan. A 2024 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya a kan mutane kusan 480 da kafaɗarsu ta goce karon farko kuma ba a yi musu tiyata ba. Dukansu sun sami zama ɗaya da likitan fisiyo, ya yi musu bayani ya koya musu motsin da za su yi a gida. Rabinsu aka ƙara musu zama da yawa. Bayan wata shida, bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu bai taka kara ya karya ba. Darasin da na ɗauka shi ne, ga wanda abin ya sama karon farko, zama ɗaya da masani yana iya sauya labarinsa in har zai koma gida ya yi aikin. Da na sami wannan zama ɗaya ina ɗan shekara 19, wataƙila da ban yi asarar ƙuruciyar hannuna ba.

Don haka ina da roƙo ga masu ɗori, waɗanda jama'a suka yarda da su kuma su ake fara kai wa. Gocewar kafaɗa takan zo tare da karaya, kuma ido ba ya rabe su, sai hoto. Jan hannun da ke da karaya yana iya lalata jijiya ko hanyar jini. Kafaɗar da ta yi makonni a goce ba ta komawa da ja. Mai farfaɗiya da wanda lantarki ya ja, tasu takan fita ta baya, inda ba a saurin ganewa. Wanda ya haura shekara 40 kuma, in an mayar da kafaɗar amma ya yi mako biyu ko uku bai iya ɗaga hannu ba, mai yiwuwa tsoka ce ta tsinke. Haka wanda gefen damtsensa ya mutu ba ya jin taɓi. Duk waɗannan na asibiti ne, kuma mai ɗorin da ya tura su can ya ƙara wa kansa daraja.

Ga iyaye da malaman wasanni kuma: in kafaɗar yaro ta goce a fili, kada abokai su taru su ja. A tallafe hannun, a kai shi inda za a ɗauki hoto a mayar da ita da maganin kashe zafi. In ta koma, a nemi likitan fisiyo ko da sau ɗaya ne, ko da sai an yi tafiya. In ta fita karo na biyu, a koma wajen likitan ƙashi a tambaye shi ƙarara ko lokacin tiyata ya yi.

Kai kuma da kake karanta wannan hannunka manne a ƙirji, kana tsoron miƙa shi sama, na san halin da kake ciki domin na zauna a cikinsa shekara 14. Ka je a duba ka, a gaya maka wace irin kafaɗa ce taka. In an ba ka roba, ka riƙe ta da muhimmanci kamar yadda za ka riƙe ƙwayar magani, safe da dare, har watannin su cika. Mai ɗori ko likita zai mayar maka da kafaɗa cikin 'yan mintuna, amma zaunar da ita aikinka ne, kuma da yardar Allah za ka iya.